Lakar masai da ta sokawe: taki za a yi da ita, gawayi, gas, ko dai a binne?

Tun da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, ana ta dagewa da gina masai, toh amma masai dai rami ne kuma rami cika yake yi. Motar kwasa ta zo ta zuƙe, ko masu kwasar hannu su zo da daddare da durom da bokiti, daga nan ina aka nufa da kayan? Yawanci bayan gari, ko tsohon kududdufi, ko kwalbati in an ga ba mai kallo. Wannan bayanin na wanda yake son yanke shawara ne, ko ciyaman ne da yake da fili bai san me zai gina a kai ba, ko mai motocin kwasa da ya gaji da rigima da mutanen unguwa, ko ƙungiyar matasa da suka ji ance akwai kuɗi a harkar. Akwai kuɗin kam, amma ba a kowace hanya ba kuma ba da kowace laka ba.

Laka, wato ƙazantar da ke taruwa a ƙasan rami ko tanki, iri biyu ce. Akwai wadda take fitowa daga babbar matatar ruwan ƙazanta ta birni, irin ta Wupa a Abuja da aka buɗe a 2007 aka tsara ta don ƙazantar mutum wajen 700,000, inda bututu ke kawo ruwan gidaje a tace shi, abin da ya kwanta a ƙasan tankuna shine lakar. Sai kuma tamu ta Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi, inda kusan kowane gida da raminsa ko sokawensa. Hanyoyin sarrafa su kusan ɗaya ne, kuma dukkansu abu na farko da zaka sani shine ruwa kake ɗauka. Abin da mota ta zuƙo daga sokawe yawanci sama da kashi 95 cikin 100 ruwa ne, wato in tankinka lita 10,000 ne kuma daskararren abin ciki kashi 2 ne, toh busasshen da zaka samu bai wuce kilo 200 ba. Duk lissafin riba da bai fara daga nan ba ƙarya ne.

Kafin ma a zo kan taki ko gawayi akwai tambayar da ta fi su duka nauyi: daga ina lakar ta fito. Ta gidaje da makarantu da gidan wanka da bahaya na kasuwa matsalarta cuta ce, ƙwayoyin kwalara da taifod da ƙwan tsutsar ciki, kuma waɗannan zafi da rana da lokaci suna kashe su. Wadda ta haɗu da ruwan masana'anta kuwa matsalarta guba ce irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam ɗin da kamfanonin jima suke aiki dashi, kuma wannan ba ta mutuwa don ba rai gare ta ba. Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai ya san launin ruwan dake fita daga can, na Bompai ma ta rafin Getsi yake bi ya shiga Jakara, ga masu lambu a gefe suna ban ruwa. Irin wannan lakar ko shekara goma tayi a tsibi ƙarfen yana nan, yin taki ma ƙara tattara shi yake don ganyen ya ruɓe ya ragu shi kuwa bai ragu ba. Ƙona ta ma ba mafita bace a hannun ƙaramin mai sana'a, don zafin wuta yana iya juya kuromiyam zuwa nau'in da yafi illa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa kan lakar gidaje nake, ta kamfani wurinta daban, rami mai shimfiɗar da bata yoyo, kuma kamfanin da ya samar da ita shi ya kamata ya biya.

Hanya mafi arha, wadda ma ake yi tun ba yau ba, ita ce a kai gona kai tsaye. A Tamale da kewayenta a arewacin Ghana manoma da kansu suke tare direbobin motar kwasa da rani su ce a juye musu a gona ko a rami a gefen gona, rana ta gasa shi wata da watanni, kafin damina a baza a shuka masara ko dawa. Mu ma ba baƙon abu bane, ƙasar kewayen Kano da takin cikin birni ta rayu, jakuna su shigo da itace su koma da mangala cike da taki. Amfaninta a fili yake, ba gini ba inji, kuma hatsi yana yin kyau. Aibinta shine ba wanda yake iko da komai: yaro ya bi ta gonar ba takalmi, awaki su shiga, ƙuda ya tashi daga nan ya sauka a tuwon ƙauye, ruwan farko ya wanke shi zuwa rijiya, kuma da damina ta kankama manomi baya so, sai direba ya koma kududdufi. Ni a ganina wannan ba tsari bane da hukuma zata tsaya a kai, sai dai a gyara shi kafin a samu wanda ya fi, a ce gonar hatsi kawai, da rani kawai, nesa da rijiya, kuma a rufe da ƙasa.

Mataki na gaba shine gadon shanya, kuma kusan duk sauran hanyoyin sai sun bi ta kansa. Kwami ne mai faɗi da aka gina da bulo, ƙasansa bututu mai huji, sai tsakuwa, sai yashi a sama. Mota ta juye ta cikin raga, kuma ragar nan kar a raina ta, don abin da take tarewa sai ka gani zaka yarda: ledar fiyawata, famfas, tsumma, audugar mata, ƙyallen buhu, wani lokacin har sirinji. A zuba lakar kaurin santimita 20 zuwa 30, ruwan ya tsane ta ƙasa ya tafi tafkin da zai ƙara tacuwa, sama kuma rana tayi aikinta. Da bazara cikin sati biyu zuwa uku zaka ga saman ya yi baƙi ya tsattsage, gefen kowane ɓawo ya ɗago, wari ya ragu sosai har ana iya kwasa da shebur. Anan Allah ya bamu abin da Turawa suke kashe wuta da gas su samu, rana da busasshiyar iskar hunturu. Amma daga Yuni zuwa Satumba in ba rufi gadon zai koma tafki, don haka ko a yi wa wasu gadajen rufi ko a tanadi tankin jira.

Inda mutane ke yaudarar kansu shine su ga ta bushe ba wari su ce ai ta zama ƙasa. Bushewa bata kashe ƙwan tsutsar ciki, ɓawonsa kauri gare shi, yana iya shekaru a ƙasa yana jira. Hukumar lafiya ta duniya a ƙa'idojinta na 2006 ta ce kar ya kai ƙwai 1 a kowane giram na busasshiyar laka, kuma in ajiya kawai za a yi a yanayi mai zafi irin namu sai ta haura shekara. Kenan busasshiyar laka zalla tana buƙatar rumfa da haƙuri, kuɗinka na kwance shekara guda. In kana da fili mai arha wannan ba laifi bane, shi ne ma mafi sauƙin gudanarwa. In fili ya yi tsada ko kana son juya kuɗi da wuri sai ka duba taki na haɗi.

Takin haɗi shine a cakuɗa busasshiyar lakar da sharar da ke ruɓewa, ganyen kasuwar kayan miya, ɓawon lemo da kankana, ɓuntun shinkafa, dusar katako, a tara tsibi mai tsawo. A Kumasi ta Ghana an gwada wannan a wani wuri da ake kira Buobai tun farkon shekarun 2000, kaso ɗaya na laka da biyu ko uku na shara. Sirrin duka zafi ne. Ƙa'idar Amurka ta 1993 ta ce tsibin da ake juyawa ya riƙe digiri 55 na Celsius ko fiye har kwana 15 kuma a juya shi sau 5 a cikin kwanakin, don na gefe ma ya shiga tsakiya ya dahu. In haɗin ya yi daidai, da sanyin safiya ka soka shebur sai tururi ya taso, ka tura hannu ciki baka iya daɗewa. Danshinsa kamar soson wanka da aka matse, in ya fi haka jiƙa zai yi ɗoyi, in ya bushe aikin ya tsaya cak, kuma da hunturu sai ka riƙa yayyafa ruwa don iska tana shanye shi. Wajen wata uku har da lokacin hucewa sai a tankaɗe a zuba a buhu. A kusa da Tema ta Ghana an buɗe masana'antar takin Fortifer a 2017, haɗin gwiwar cibiyar binciken ruwa ta ƙasa da ƙasa IWMI da kamfanin Jekora da hukumar birnin, an tsara ta fitar da tan 500 a shekara, har dunƙula shi suke ƙanana ƙanana don ya yi sauƙin watsawa.

Toh amma kar wani ya ɗauka zai kori yuriya daga kasuwa. Buhun yuriya mai kilo 50 kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, kilo 23 kenan. Takin haɗi yawanci kashi 1 zuwa 2 yake dashi, wato sai ka tara wajen buhu 30 kafin ka kamo buhu ɗaya, kuma shi a hankali yake sakin nasa ba a damina ɗaya ba. Abin da yake bayarwa wanda yuriya bata bayarwa shine jikin ƙasa, jigawar da ta gaji ta dawo tana riƙe ruwa, ga fosfaras a ciki. Saboda nauyin nan kuɗin mota ne yake cinye ribar, kasuwarka ita ce gonakin dake kusa da kai, masu gandun mangwaro da gwaiba, masu renon dashe, masu fulawa a birni. Wanda zai ɗora shi a tirela ya kai wata jiha sai ya sake lissafi. Sannan aiki ne na kullum, leburori, ma'aunin zafi, tsince leda da kwalba daga shara, kuma ranar da aka yi ha'inci wajen juyi ranar ka sayar wa mai latas cuta a buhu. Ni ko da an yi shi daidai ba zan fara da latas da kabeji da karas ba, abin da ake ci ɗanye a bari sai gwajin lab ya nuna ba ƙwai sau da yawa a jere. Ko a Amurka lakar da ba a gama kashe cutarta ba in aka zuba a gona sai an jira wata 14 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, na cikin ƙasa kuwa wata 20 zuwa 38.

Akwai maganar najasa, kuma gara a faɗe ta a fili don manomi zai tambaya. A wajen malaman Malikiyya amfanin gonar da aka yi wa taki da najasa mai tsarki ne, ana ci. Inda aka yi saɓani shine cinikin ita kanta ƙazantar. Mai hankali zai zauna da malaman garin tun kafin ya sa bulo, ya nuna musu yadda ake sarrafawa da abin da ke fitowa a ƙarshe, ba sai buhuna sun cika sito ba.

Gawayi kuma fa? Shi ne yafi jan hankalin matasa don kowa ya san yadda buhun gawayi ya yi tsada da yadda dazuka ke ƙarewa. A Nakuru ta Kenya kamfanin ruwan garin ya kafa Nawasscoal, suna busar da laka, su gasa ta a rufe ba iska sosai har ta zama baƙa, su haɗa da dusar katako da aka gasa, su ɗaure da ruwan rake mai kauri su dunƙula. A Naivasha ma, duk a Kenya, kamfanin Sanivation suna yin makamashi da ita. Babbar fa'idarsa ita ce wuta ta gama da maganar cuta gaba ɗaya, ba jiran shekara, kuma kayan baya lalacewa a ajiya, ana sayarwa rani da damina saɓanin taki da kasuwarsa take da lokaci. Matsalarsa a wajenmu yashi ne. Ramukanmu da yawa ba a ɗaure su da siminti ba, ga ƙasa da toka da ake zubawa, ga yashin gadon shanya da shebur ke haɗowa, duk wannan baya ci da wuta sai dai ya zama toka ya rage ƙarfin gawayin. Dole ka samu dusa ko ɓuntu mai yawa kuma kusa, ga kuɗin abin ɗauri, rogo ne ko wani abu, ga inji da wutar da zata juya shi. Sai kuma zuciyar mai saye, wallahi kar ka fara da mai suya ko mai gasa masara, ranar da labari ya fita kasuwarsa ta mutu taka ma ta bi. Masu kiwon kaji da ke ɗumama 'yan tsaki, masu ƙona bulo, kamfanonin da ke da tukunyar tururi, waɗannan su ne ƙofar shiga. In ka kwatanta da taki, gawayi yafi cin jari da injina amma yafi saurin dawo da kuɗi in ka kama manyan kwastomomi biyu uku, taki yafi cin fili da leburori.

Gas shi ne wanda aka fi yi wa talla kuma aka fi faɗuwa a kansa. Tanki ne a rufe ba iska, ƙwayoyin halitta su ci ƙazantar su fitar da iskar da wajen kashi 60 cikin 100 nata ke kama wuta, sun fi son zafin digiri 35 da zaman sati uku zuwa wata. Abin da ba a faɗa wa mutane shine lakar da ta shekara uku ko biyar a rami ta riga ta gama fitar da yawancin gas ɗinta a can ƙarƙashin gida, in ka zuba ta a tanki kusan ba abin da zaka samu. Gas na son ɗanye, na gidan wanka da bahaya na tasha da kasuwa da ake kwashewa akai akai, ko makarantar kwana, ko a haɗa da tumbin mayanka da kashin shanu. Haka kamfanin Safisana suke yi a Ashaiman kusa da Accra ta Ghana, ƙazantar banɗakin jama'a da sharar kasuwa da ta mayanka suke haɗawa su fitar da wutar lantarki. Kuma ko an samu gas ɗin lakar bata ɓace ba, tana fitowa ta ɗaya bakin da ruwanta da ƙwan tsutsarta, sai ka koma gadon shanya da taki. Kenan gas ƙari ne a kan sauran hanyoyin, baya maye gurbinsu. In kana da makarantar kwana mai ɗalibai da yawa da kicin ɗin da ke cin itace kullum, yi. In motocin sokawe ne kawai ke kawo maka, manta dashi.

Manyan injinan ƙonawa ba zan daɗe a kansu ba. An kai wani Dakar ta Senegal a 2015, irin wanda Bill Gates ya sha ruwan da ya fito daga cikinsa, yana ƙona laka ya bada wuta da ruwa, amma wannan sai birnin da ke da injiniyoyi da kayan gyara da kuɗin waje. Wasu za su ce ai Turai ma ƙonawa suka koma, gaskiya ne Suwizalan ta hana zuba laka a gona tun 2006, Jamus ta yi doka a 2017 da ta tilasta wa manyan matatu ciro fosfaras daga 2029, jihar Maine a Amurka ta hana a 2022 saboda sinadaran PFAS da basa ruɓewa. Amma dalilinsu gubar masana'antu da kayan zamani ne dake bin bututu ɗaya da ruwan gida, wanda ya dawo damu kan waccan tambayar ta daga ina ta fito. A gefe guda Ingila har yanzu mafi yawan lakarta gona take zuwa, kuma birnin Milwaukee na Amurka tun 1926 suke busar da tasu suna sayarwa a buhu da sunan Milorganite.

Akwai hanyar da ba a cika ambata ba don ba ta da kwalliyar da za a yanke ribon a kanta, binnewa a dogon rami a dasa itace. A haƙa rami mai tsawo zurfin wajen mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a zuba, a rufe da ƙasa mai kauri a ranar, bayan wani lokaci a dasa turare ko darbejiya a kai ko a gefe. An gwada shi da itatuwan katako a yankin Durban a Afirka ta Kudu. Ba wari, ba ƙuda, ba mai taɓawa, ba inji, ribar tana zuwa a makare ta hanyar itace. Ga ƙaramin gari mai mota ɗaya ko biyu ni wannan zan zaɓa kafin komai. Sharaɗinsa ruwan ƙasa ya zama da nisa, a fadama ko wuri irin dausayin Haɗeja da Nguru inda kana haƙa kaɗan ruwa ya fito sam kar a yi, kuma a nisanci rijiya da burtsatse.

Ga babban birni kuwa, in ni aka tambaya, gadon shanya da tafkunan tace ruwan su ne farko ko da ba za a sayar da komai ba, sai takin haɗi in akwai kasuwar kayan gwari ko injin casar shinkafa kusa da gonaki a kewaye, sai gawayi daga baya in an samu kamfanin da ya sa hannu zai riƙa ɗauka. Kar kuma a gina kasafin kuɗin wurin a kan cinikin taki kaɗai, yawancin irin waɗannan wuraren kuɗin juyewa da motoci ke biya da tallafin hukuma ne ke riƙe su, ciniki ƙari ne. Ma'aikata kuma a basu takalmin roba da safar hannu da takunkumi da ruwan wanka da sabulu a wurin, da maganin tsutsa lokaci lokaci, don su ne suke fara kwasar cutar kafin kowa.

Sai zaɓen fili, wanda shi yake kashe aikin tun kafin a fara. Direban motar kwasa da yawan sawu yake cin abinci, in ka kai wurin juyewa can nesa da gari a hanya mai ramuka kuma ka ɗora masa kuɗin ƙofa mai nauyi, dizal ɗinsa zai lissafa ya ga kududdufin bayan unguwa yafi masa, kai kuma ka zauna da gadaje a bushe ba laka. Gara ƙananan wurare biyu ko uku a kusurwoyin gari, kowanne a gefen titin da mota mai nauyi zata iya bi da damina, a zauna da ƙungiyar masu motocin a yanke kuɗin ƙofa tare, su ma masu kwasar hannu a basu inda za su sauke durom ɗinsu a kusa mota ta zo ta ɗauka.